Ƙazuwar da Ta Ƙi Warkewa

A shekarun da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu aka turo ni aiki wani ƙaramin asibitin shan magani, a wani ƙauye tsakanin Hunkuyi da Taba. Asibiti dai sunan ne kawai. Ɗaki biyu ne da baranda, da gadon ƙarfe guda, da kabad ɗin magani wanda ɓeraye ma sun daina wahalar da kansu wajen leƙa shi. Mu biyu ne ma'aikata: ni da nake duba mata da yara, sai wani dattijo mai ba da magani da kowa ke kira Malam. Ya fara aikin tun kafin a haife ni, kuma ba ya bari in manta da haka. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. In mara lafiya ya zo, mu rubuta masa magani ya je kemis ya saya in yana da hali, in ba shi da shi mu bi shi da Allah ya sawwaƙe.

Abu ɗaya muka yi suna a kansa, maganin ƙazuwa. Da na gwamnati ya ƙare, Malam ya koma wa na da: a sayo farar wuta a kasuwa, a daka ta lilis, a tankaɗe, a kwaɓa da man kaɗanya. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma yana aiki. Ni ke shafa wa mata da 'yan mata a wani ɗan kewaye na zana da ke bayan asibitin, tun daga wuya har tafin ƙafa. Sai a hana su wanka har maganin ya kwana a jiki, a sa su tafasa tufafinsu su shanya a rana, su dawo a sake shafawa. Ban taɓa ganin ƙazuwar da ta gagari wannan haɗin ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da hannuna a kan haka.

Babbar mai zuwa mana da masu ƙazuwa wata mata ce mai sayar da abinci a tasha ranar kasuwa, Hajiya ake ce mata. Mace ce mai jiki, mai fara'a, hannunta a buɗe. Ba ta zuwa asibiti hannu rabbana, in ba mazarƙwaila ba to ƙosai ne mai zafi, kuma a lokacin nan wanda ya kawo maka ƙosai ba ka tsananta masa tambaya. Duk ƙarshen damina za ka gan ta tafe da 'yan mata biyu ko uku a bayanta, sanye da sababbin zannuwa iri ɗaya, suna ta susa.

"'Ya'yan riƙo ne, Malama," haka take cewa. "Na abokan arziki ne daga can kudu. Yunwa ta matsa musu, na ce a ba ni in rage musu baki."

Babu wanda zai ga abin mamaki a nan. Ni kaina a hannun gwaggona na tashi, kuma a shekarun nan gidaje da yawa sun tura yara wurin wanda ya fi su ƙarfi. In na tambayi yarinya yaushe abin ya fara, Hajiya ce ke amsawa. In na ce ina ke miki ciwo, Hajiya ce ke nunawa. Yaran kuwa kai a ƙasa, ko tari ba sa yi. Mu kuma har yaba su muke, mu ce kai, yaran nan akwai kunya, Hajiya ta iya tarbiyya. A wajenmu yarinyar da babba ke tsaye a kanta ba ta buɗe baki, in ta buɗe a ce idonta ya bushe. Shekaru da yawa bayan haka, a wani horo da aka yi mana, wani mai koyarwa ya ce alamar farko ta wanda aka yi safararsa ita ce wani yana amsa tambaya a madadinsa. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta daɗi ba. Da wannan alamar, ai rabin matan da na duba a rayuwata sai a ce sato su aka yi.

Da yaran sun warke ba ma sake ganinsu. In na tambaya sai Hajiya ta ce ta kai su makaranta a birni, ko ta ce suna wajen ƙanwarta. Wata damina ta zo, wasu su zo.

A wata shekara cikin waɗanda ta kawo akwai wata doguwa, siririya, ba za ta wuce shekara goma sha uku ba. Su uku na shafa wa magani a rana ɗaya, daga gwangwani ɗaya. Biyun suka warke sumul, ita kuwa ta dawo kamar ban taɓa ta ba. Na sake shafawa, na ƙara farar wuta. Ta dawo abin ya fi da. Ƙurajen tsakanin yatsunta sun fashe sun zama gyambo, gwiwar hannu da ƙugu duk ruwa. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko dai hannun ya fara sanyi ne. Raina ya ɓaci sosai, kuma gaskiya ba don yarinyar ba ne a lokacin, don hannuna ne da aka taɓa.

Hajiya ma ranta a ɓace yake, na lura fara'ar ta ragu. "Sauran har sun tafi, ita ta tsaya tana ci mini abinci," ta ce, sannan ta yi sauri ta gyara, "wato makarantar ce ke wuce ta."

Zuwan da suka yi na gaba, da na dubi yarinyar sai na ga abin ya wuce ƙazuwa. Fuskarta ta kumbura, idanun sun shige ciki, ƙafafun sun yi suntum. Na ba ta kwalba ta yi fitsari, ya fito ja kamar ruwan shayi. Malam ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya daina tsokana. Ya ce gyambon ya taɓa ƙoda, kuma in aka yi wasa za a rasa ta.

Na ja ta zuwa kewaye. Hajiya ta biyo mu kamar yadda ta saba, ta tsaya a bakin zana. Da na matsa kusa da yarinyar sai hancina ya gaya mini abin da idona ya kasa gani. Wanda aka shafa wa farar wuta jiya, ko daga bakin ƙofa za ka ji shi. Ita ba ta wari ko kaɗan. Ƙanshin toka take yi, kuma fatar hannunta ta yi kaushi irin na wanda ya dirje jikinsa da yashi. Ruwa ba ya tsami banza. Na leƙo na ce wa Hajiya yau sai an wanke gyambon da sabon sabulu, namu ya ƙare, ta taimaka ta sayo a kanti. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta tafi ba da son ranta ba.

Da ta kwance sabon zanen sai na ga wani tsohon tsumma ɗaure a ƙugunta, baƙi ƙirin da dauɗa, wanda tabbas bai taɓa ganin tukunyar tafasa ba. A bayanta kuma, ƙarƙashin ƙurajen, akwai shatar bulala, wata ta bushe wata sabuwa. Na so in yi mata faɗa, don faɗa ne ya fi zo mini kusa a kowane hali, amma na ga yadda take kallon bakin zanan. Sai na zauna a ƙasa, na ce ita ma ta zauna. Na kira ta da sunan da Hajiya ke kiranta, ba ta ɗago ba.

"Wane suna mamanki take kiranki da shi?" na tambaye ta.

Ta faɗa a hankali, wani suna na mutanen kudu. Na maimaita shi, na kira ta da shi. Shi ke nan, sai hawaye. Ban rarrashe ta ba, na bar ta ta yi mai isarta, ina riƙe da hannun nan nata mai ruwa.

"Ke kike wanke maganin?"

Ta gyaɗa kai.

"Don me? Zafi yake miki?"

"Anti," ta ce, da Hausarta mai karkata, "wadda ta warke ita ake sa wa a mota."

Ta ba ni labarin a gutsuttsure, tana yi tana leƙen hanya. Babu wata makaranta. Gidajen birni ake kai su aikatau, wasu a motar kayan gwari har kurmi, kuma masu gidajen ba sa karɓar yarinya mai ƙazuwa don kada ta shafa wa 'ya'yansu. Shi ya sa ake fara biyowa da su ta wurinmu. Yayarta ta riga ta zuwa a daminar da ta wuce, tun daga nan ba wanda ya ji ɗuriyarta. A ɗakin da Hajiya ke ajiye su ta tarar da wata da aka dawo da ita daga birni da ƙuna a hannu. Ita ce ta gaya musu yadda ake kulle ƙofa a kansu, da dukan, da abin da samarin gidan ke yi mata wanda ba ta da wanda za ta gaya wa. Ita kuwa wannan ta zauna ta yi lissafinta na yara. Duk ranar da na shafa mata magani sai ta faki ido ta dirje shi da toka, ta mayar da tsohon tsumman, ta sosa jikin da totuwar masara don ƙurajen su ƙaru. Dukan kuma na rashin warkewa ne.

Na tuna 'yan matan da suka bi ta hannuna shekara da shekaru, ina shafe su ina murna fatarsu ta yi kyau. Ashe gyaran kaya nake yi wa 'yar kasuwa, kamar mai wanke rago kafin a kai shi kara.

"Anti, kada ki warkar da ni," ta ce.

A duk aikina ba wanda ya taɓa roƙona wannan. Na ce mata akwai ciwo biyu a jikinta, ɗaya na kisa ne, ɗaya na susa. Na kisan dole ta bar ni in yi maganinsa, ta daina totuwar nan, ta bar gyambon ya bushe. Na susan kuwa mu bar shi inda yake tukuna. Ta dube ni sosai kafin ta yarda.

Malam na fara gaya wa. Ya shafa gemu, ya ce shi ya daɗe yana jin wani abu game da matar nan amma bai so ya ɗauki alhakin zato ba. Na ce masa to yanzu ba zato ba ne. Da Hajiya ta dawo da sabulunta shi ya tare ta, ya sa fuskar nan tasa ta manyan likitoci, ya ce yarinya za ta kwanta a asibiti, ciwon ya shiga ƙoda, kuma irin wannan ƙazuwar mai taurin kai ce, tana iya kama duk wanda ke gidan har da mai abincin sayarwa. Wannan na ƙarshen ne ya shige ta. Ta tafi tana ƙunƙuni.

Allurar da ake buƙata babu ita a kabad, sai da na hau motar kasuwa zuwa Makarfi na samo. Na hana ta gishiri, ina auna abin da take sha, ina duba fitsarin kullum. Gadon asibitin ba katifa, don haka a ɗakina take kwana, a tabarmarta daban. Kumburin ya fara saɓewa, fitsarin ya washe, gyambon ya kame. Har ta fara cin tuwo da yawa, wata rana ma na ji tana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa tana wanke kwano. Susa dai tana nan, mun bar ta da gangan. Duk zuwan Hajiya sai in nuna mata tsakanin yatsun, in girgiza kai.

Amma na san ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na ce wa Malam mu kai magana wurin 'yan sanda. Ya ce in yi hankali, a wannan zamanin wanda ya kai ƙara yana iya kwana a ciki, wanda aka kai ƙara ya koma gida, balle macen da rabin tasha ke cin abincinta bashi. Sai muka je wurin mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da shatar bulala. Ya saurara da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Malama, na ji," ya ce. "Amma yarinyar nan sato ta aka yi?"

"Ranka ya daɗe, iyayenta ne suka bayar, amma ba su san..."

"To riƙo ne ke nan. Ni ba ni da ikon raba riƙo. Ubanta kaɗai ke da ta cewa. A nemo shi, in ya ce a ba shi 'yarsa, ni da kaina zan tsaya a ba shi."

Na fito da murnata, ina ganin an gama. Akwai mutanen yankinsu da ke zuwa ƙodago a gonakin rake, suna da ɗan cocinsu a bayan gari. Ta hannunsu na aika saƙo, kuma saƙon ya isa.

Uban ya zo ana tsakiyar girbin dawa. Dogo ne kamar 'yarsa, rama ta cinye shi, takalmin taya a ƙafarsa, da 'yar citta a ƙulle cikin leda ya kawo mini tsaraba. Ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni, ni da na yi ƙanwar ƙanwarsa, ya gaida Malam, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya yi ta godiya. Yarinyar ta tsaya a jikin ƙofa, ta kasa zuwa ta kasa komawa. Na zaunar da shi na gaya masa duk abin da ta gaya mini. Na sa ta juya ya ga bayanta. Sai ya sa bakin rigarsa yana goge ido. Ya tambaya ko an san inda babbar take. Na ce ba a sani ba. Ya ce shi makaranta aka ce masa, kuma yau zai tafi da 'yarsa.

Ana haka Hajiya ta iso, don labari ba ya kwana a ƙauye. Na shirya wa masifa, har na gyara ɗaurin ɗankwalina, amma ko murya ba ta ɗaga ba. Na tura yarinyar cikin ɗaki. Hajiya ta zauna a benci a baranda, ta gaisa da uban kamar tsofaffin aminai, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya.

"Ba komai, Baba, ɗauki 'yarka," ta ce. "Hatsin da na kai muku lokacin da rumbu ya ƙare, ban ce a amayo shi ba. Sai dai na riga na yi wa mutane alkawari, kuma ni ba na saɓa alkawari. Ai akwai ƙanwarta, na gan ta da na je, ta isa ɗaukar tulu. In na zo sai a ba ni ita."

Na miƙe tsaye. Na ce mata ta ji tsoron Allah, na ce in hatsi ne ni zan biya, Malam ma ya ce zai ƙara da nasa. Ta yi murmushi ta ce ita ba hatsi take sayarwa ba. Sannan ta juya wurin uban, ta tambaye shi a hankali, in ta daina zuwa ƙauyensu, wa zai kai musu ko tiya ɗaya baɗi, kuma me zai gaya wa maƙwabtansa in suka ji shi ne ya kore ta. Na faɗa mata maganganun da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Ta bar ni na gama, ta gyara mayafinta ta ce za ta jira amsa.

Na dubi uban ina jira ya ce wani abu. Kansa na ƙasa, yana murza hularsa a hannu. Na ce masa mai unguwa zai tsaya masa. Ya ce mai unguwar nan ba ya bin sa gida. Ya ce ƙaramar ko shekara tara ba ta cika ba. Ya ce, "Malama, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mun riga mun ci." Na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma na ji tausayinsa, duka a lokaci ɗaya. Har yau ban raba su ba.

Da na shiga ciki yarinyar ba ta ɗakin, gwangwanin maganin ma ba ya kan tebur. Tagar ɗakin a buɗe take, kuma barandar take kallo, ashe ta ji komai. Na zagaya baya. Tun kafin in kai bakin zana warin farar wuta ya tare ni.

Ta tuɓe, ta shafe hannuwanta da ƙirjinta da ƙafafunta, ta cusa maganin tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda nake yi. Tsohon tsumman yana gefe, ta kwance shi ta jefar. Na fizge gwangwanin na ce ba ta da hankali ne, na ce ta ba ni lokaci, zan je Makarfi, zan je Ikara, zan nemi wani babba da zai saurare ni. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi a bakina. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba.

"Anti, ƙanwata ko Hausa ba ta ji," ta ce. "In an yi mata abu, ba ta da bakin faɗa."

Ta juya mini bayan nan nata mai shatar bulala, ta tattare gashinta sama, ta tsaya tana jira.

"Nan ne hannuna bai kai ba."

Na daɗe a tsaye da gwangwanin a hannu. Sannan na ɗebo maganin na shafa mata, daga wuya zuwa ƙugu, a hankali, ina kauce wa inda bulalar ba ta gama warkewa ba.